Girgizar Ƙanƙara a Yankin Aktik: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Sauraron Kogunan Ƙanƙara

A can ƙuryar arewacin duniya, a Girinlan da tsibiran Svalbard na Norwe da Alaska ta Amurka, akwai masanan da aikinsu shi ne kasa kunne ga ƙanƙara. Suna kafa na'urorin auna girgizar ƙasa a kan dutse ko a cikin ƙanƙarar kanta, su bar su wata da watanni suna naɗar duk motsin da ya gifta. Ga tambayoyin da mai karatu zai so a amsa masa kan wannan aiki.

Wai ƙanƙara tana tafiya ne har ake ce mata kogi?

Tana tafiya kuwa. A wuraren da dusar ƙanƙara ke sauka kowace shekara ba tare da ta narke duka ba, ta bana tana danne ta bara, har nauyi ya matse ta ta zama ƙanƙara mai tauri. Idan ta yi kauri sosai, nauyinta ne ke tura ta gangare. Tafiyar iri biyu ce: cikinta yana lanƙwasuwa a hankali, gindinta kuma yana zamewa a kan dutse ko laka, musamman idan ruwa ya shiga tsakani.

Shimfiɗar ƙanƙarar Girinlan ta kai murabba'in kilomita miliyan 1.7, wato kusan ninki biyu na faɗin Nijeriya, kuma a tsakiyarta kaurin ya haura kilomita 3. Da za ta narke ƙurmus, da teku ya tashi da kimanin mita 7 a duniya baki ɗaya. A tsakiyar tsibirin tafiyar ba ta wuce 'yan mitoci a shekara, amma a gefe, inda ƙanƙarar ke matsuwa cikin kwaruruka tana neman teku, gudun ya kan ba da mamaki. Sermeq Kujalleq, kogin ƙanƙarar da ke kusa da garin Ilulissat wanda Turawa ke kira Jakobshavn, ya yi tafiyar kimanin mita 46 a rana a bazarar 2012.

To mece ce girgizar ƙanƙara, kuma da me ta bambanta da girgizar ƙasa?

Duk lokacin da ƙanƙara ta tsage, ko ta fizge bayan ta maƙale, ko wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa teku, ana samun kaɗawa da ke ratsa ƙanƙarar da dutsen da ke ƙarƙashinta. Wannan ce girgizar ƙanƙara. Girgizar ƙasa da muka saba ji a labarai daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa take fitowa, sau da yawa a zurfin kilomita gommai. Wannan kuwa a sama take, kuma tana bin yanayi: tana ƙaruwa da zafi, tana bin hawa da saukar teku, wani lokaci har da sa'o'in yini.

Ba iri ɗaya ba ce. Mafi yawa su ne ƙananan tsagewar da ke faruwa kusa da saman ƙanƙara, waɗanda ba su cika daƙiƙa ɗaya ba, kuma na'ura guda kan naɗi dubbansu a yini. Akwai na gindi, inda ƙanƙara ke kamawa da dutse ta saki, ta sake kamawa ta sake saki, har sautin wannan ya yi kama da na wancan sak, alamar wuri ɗaya ne ke ta fizga. Akwai rugugin ruwa mai gudu a cikin ramukan ƙanƙara, wanda ba shi da farko ko ƙarshe bayyananne, yana iya ɗaukar sa'o'i. Sai kuma manya, waɗanda ke kai maki 5 a ma'aunin girgizar ƙasa, da na'urori a wasu nahiyoyi ke jin su.

Yaya na'urar ke gane inda abin ya faru?

A cikin na'urar akwai wani ɗan nauyi da aka rataye ta yadda idan ƙasa ta motsa, shi ba ya saurin bin ta. Bambancin motsin nan ake mayarwa lantarki a rubuta. Girgiza tana tafiya ne cikin igiyoyi masu gudu daban-daban. A cikin ƙanƙara, mai sauri tana cin kusan kilomita 3.8 a daƙiƙa, mai bin bayanta kuma rabin haka. Tazarar da ke tsakanin isowarsu tana nuna nisan wurin, kuma idan na'urori uku ko huɗu suka ji abu ɗaya, sai a haɗa lissafi a nuna wurin a taswira, har da zurfinsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce a Girinlan. Tawagar Alfred Wegener, Bajamushen da ya rasu a kan ƙanƙarar a watan Nuwamba na 1930, ta riƙa tayar da nakiya tana auna lokacin da amsa-kuwwa ke ɗauka kafin ta dawo daga dutsen ƙasa, ta haka aka fara sanin cewa kaurin ƙanƙarar da kilomita ake lissafa shi. Inge Lehmann ta Denmak ma, wadda ta gano a 1936 cewa duniya na da wata cibiya ta daban a can tsakiyarta, ita ce ke kula da tashoshin auna girgiza na Girinlan a zamaninta.

Wa ya gano manyan girgizar nan, kuma me ya sa aka daɗe ba a lura da su ba?

Masana girgizar ƙasa Göran Ekström da Meredith Nettles da Geoffrey Abers ne suka bayyana su a 2003. Dalilin ɓoyuwarsu shi ne abin da ya fi jan hankalina a duk labarin nan.

Girgizar ƙasa mai maki 5 takan fashe ne cikin daƙiƙa biyu ko uku, da kaifi. Don haka aka tsara kwamfutocin cibiyoyin duniya su riƙa farautar wannan kaifin. Girgizar da babban kogin ƙanƙara ke haifarwa kuwa a hankali take sakin ƙarfinta, cikin daƙiƙa 30 zuwa 60, ba ta da wannan kaifin ko kaɗan. Na'urori sun daɗe suna naɗar ta, bayanan suna nan a ajiye, amma ba wanda ya neme ta. Ekström ya tsara wata hanya ta tace tsofaffin bayanai da ke neman igiyoyi masu jinkiri kawai, sai ga girgiza da dama da ba su cikin kowane kundi. Da aka ɗora su a taswira, akasarinsu suka jeru a gaɓar Girinlan, inda ba a san da wata ɓaraka mai motsi a ƙarƙashin ƙasa ba. Kowace ta faɗa ne a bakin wani babban kogin ƙanƙara: Helheim da Kangerlussuaq a gabas, Jakobshavn a yamma.

A 2006 Ekström da Nettles da Victor Tsai suka ƙara nuna abu biyu. Girgizar ta fi yawa a ƙarshen bazara, abin da girgizar ƙasa ta asali ba ta yi, kuma adadinta na shekara ya ninka a farkon shekarun 2000. Zuwa 2013 an ƙirga sama da 400 tun daga 1993, kuma sun bazu zuwa arewa maso yammacin tsibirin, inda a da ba a cika jin su ba.

Me ke haddasa su takamaimai?

Da farko an ɗauka kogin ƙanƙarar ne gaba ɗaya ke zabura gaba. Daga baya aka tabbatar ba haka ba ne. A bazarar 2013, tawagar Tavi Murray ta Jami'ar Swansea da ke Birtaniya ta yi amfani da jirgi mai saukar ungulu ta dasa na'urorin GPS a daf da bakin Helheim, wurin da ba a iya taka shi da ƙafa saboda ramuka, ta kuma kafa kyamarori a kan duwatsun gefe.

Ga abin da suka gani. Wani curin ƙanƙara mai tsayin kaurin kogin gaba ɗaya, wanda nauyinsa kan iya kai tan biliyan ɗaya, yana ɓallewa. Da yake siriri ne kuma dogo, ba ya iya tsayawa a tsaye cikin ruwa, sai ya kife. Yayin kifewar yana tunkuɗar bangon da ya rabu da shi, har kogin ƙanƙarar, wanda kullum gaba yake yi, ya ja da baya na 'yan santimitoci na tsawon mintoci. A lokaci guda ruwan da ke tsakaninsu yana raguwa da matsi, bakin kogin ya ɗan dusa ƙasa. Wannan tunkuɗar ce ke ratsawa cikin dutse ta zagaya duniya. An gwada abin a ɗakin bincike da tubalin roba a cikin tankin ruwa, sakamakon ya yi daidai da na Helheim.

Wannan ya bayyana wani abu mai amfani. Idan bakin kogin yana yawo a kan ruwa, manyan faifai ne ke ɓallewa su tafi a kwance ba tare da sun kife ba, kuma ba sa haifar da irin wannan girgiza. Idan aka fara jin ta a wani kogin da a da shiru yake, to alama ce cewa harshensa mai yawo ya ƙare, bakin ya ja baya har ya zauna a kan dutse.

Tunda akwai tauraron ɗan'adam, mene ne amfanin wannan wahala?

Tauraron ɗan'adam ya yi aikin da ba abin da zai maye gurbinsa. Da shi aka auna cewa Girinlan na asarar kimanin tan biliyan 270 na ƙanƙara a kowace shekara tun daga 2002. Amma sama yake gani, kuma lokaci-lokaci yake wucewa. Zai nuna maka cewa ranar Litinin bakin kogin yana nan, ranar Asabar ya ja baya da rabin kilomita. Ko a faɗuwa ɗaya aka yi asarar ko a ɗari, ko da teku na hawa ne ko yana sauka, ko bayan ruwan sama ne, ba zai faɗa maka ba.

Abu mafi muhimmanci kuma shi ne, makomar kogin ƙanƙara a gindinsa ake yanke ta, a ƙarƙashin kilomita guda na ƙanƙara, inda ruwa da laka da dutse ke haɗuwa. Ba idon da ke kaiwa can. Haƙa rijiya ɗaya zuwa gindin na cin kuɗi mai yawa, kuma wuri ɗaya tak za ta nuna maka. Girgiza kuwa daga can take fitowa da kanta, dare da rana, cikin hazo da duhun hunturu. A ganina duk wanda ke son sanin saurin da teku zai tashi a wannan ƙarni, dole ya san yadda gindin nan ke zamewa, kuma har yanzu ba wata hanya da ta kai sauraro wajen sanin hakan.

Me aka koya game da ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara?

A bazara ruwan narkewa kan taru ya zama tafkuna masu shuɗi a saman ƙanƙarar Girinlan. A watan Yulin 2006, Sarah Das da Ian Joughin da abokan aikinsu sun kewaye ɗaya daga cikinsu da na'urori a yammacin tsibirin. Tafkin mai faɗin murabba'in kilomita 5.6 ya tsiyaye cikin kusan sa'a ɗaya da rabi. Ruwan ya tsaga ƙanƙara mai kaurin mita 980 har gindi, da gudun da ya zarce na magangarar Niagara, kuma saman ƙanƙarar ya ɗaga da fiye da mita ɗaya. Na'urorin girgiza ne suka nuna lokacin da tsagar ta buɗe. Kafin nan akwai masu shakkar cewa ruwa zai iya ratsa ƙanƙara mai sanyi da kauri haka.

A Alaska kuma, Timothy Bartholomaus ya nuna a 2015 cewa ƙarfin rugugin da ake ji a gefen kogin ƙanƙara yana hawa da sauka tare da yawan ruwan da ke fita ta ƙarƙashinsa. Wannan babban ci gaba ne, domin a kogunan da ke ƙarewa cikin teku, ruwan yana fitowa ne a ƙarƙashin ruwan gishiri, ba inda za a kafa ma'auni. Shi kuma wannan ruwan mai sanyi, yayin da yake tasowa sama, yana janyo ruwan teku mai ɗumi zuwa bangon ƙanƙara yana cin sa ta ƙasa.

Hatta hawa da saukar teku ana jin su. A kogin Bowdoin da ke kusa da garin Qaanaaq a arewa maso yammacin Girinlan, Evgeny Podolskiy na Jami'ar Hokkaido ta Japan ya gano cewa ƙananan girgiza na ƙaruwa a lokacin da teku ke sauka, domin a sa'ar ce ƙanƙarar ke ƙara sauri tana miƙewa tana tsagewa.

Svalbard fa, me ya sa sunanta ke yawan fitowa?

Saboda tana da tashoshin auna girgiza masu tsohon tarihi, kuma tana da kogunan ƙanƙara masu wata irin ɗabi'a. Wasu daga cikinsu kan yi shekaru gommai kamar sun tsaya, sai kwatsam su zabura, gudunsu ya ninka sau goma ko ɗari na tsawon 'yan shekaru. Nathorstbreen ya yi haka wajen 2009, ya kutsa cikin teku da fiye da kilomita 10. Wani sashe na Austfonna ya bi sahu a 2012, Negribreen kuma a 2016.

Cibiyar NORSAR ta Norwe an kafa ta ne a 1968 domin gano gwajin makaman nukiliya a ƙarƙashin ƙasa. Ga masu wannan aiki, ƙarar ƙanƙara hayaniya ce da ake tacewa a zubar. Andreas Köhler da abokan aikinsa suka koma kan wannan hayaniyar a bayanan tashoshin Ny-Ålesund da Hornsund da na kusa da Longyearbyen, babban garin Svalbard, suka samo tarihin ɓallewar ƙanƙara na shekara da shekaru. A kogin Kronebreen sun daidaita abin da na'ura ke ji da abin da kyamara ke gani na ɗan lokaci, sannan suka yi amfani da wannan ma'auni suka sake gina tarihin asarar ƙanƙararsa daga 2001 zuwa 2015. Ba wanda ya kafa tashoshin nan don ƙanƙara, amma da an rufe su na shekara biyu don tsimin kuɗi, da giɓin ya zauna har abada.

Na ji ana amfani da wayar intanet wajen wannan aiki. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma shi ne sabon abin da ya fi saurin canja fannin. Wayar gilashi irin wadda ke ɗaukar intanet, idan aka harba haske a cikinta, wani ɗan kaso yana dawowa daga ƙananan tabo da ke jikin gilashin. Idan wayar ta miƙe ko ta takure ko da ƙanƙanin abu ne, hasken da ke dawowa yana canjawa. Ta haka waya ɗaya ke zama na'urori dubbai a jere, kowane 'yan mitoci da nasa.

A 2019 an zura irin wannan waya a rijiya mai zurfin fiye da kilomita ɗaya a kogin Store da ke yammacin Girinlan. Daga baya Andreas Fichtner na jami'ar ETH Zurich ta Switzerland ya zura wata a rijiyar bincike ta EastGRIP mai zurfin kusan mita 2,700 a arewa maso gabas, aka wallafa sakamakon a 2025. Abin da aka ji ya girgiza wani tsohon zato. An daɗe ana ɗauka cewa can cikin zurfi ƙanƙara malala kawai take yi a hankali. Sai ga ƙananan girgiza suna tashi a ciki, wannan na tayar da wancan, suna bin juna har mita ɗaruruwa. Suna farawa ne daga sassan da ke ɗauke da ƙurar tsoffin duwatsu masu aman wuta. Dalilin da ya sa ba a taɓa jin su daga sama ba shi ne wani shimfiɗin toka a zurfin kimanin mita 900 da ke tare su, tokar dutsen Mazama na jihar Oregon a Amurka, wanda ya yi aman wuta shekaru 7,700 da suka shige.

A kudancin Girinlan ma an shimfiɗa waya mai tsawon kilomita 10 a ƙasan teku, a gaban wani kogin ƙanƙara. Ta nuna cewa kowace ɓallewa tana tayar da manyan igiyoyi a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ba a gani daga sama, suna gauraya ruwan ɗumi da na sanyi, suna ƙara narkar da bangon da zai ɓalle a gaba.

Mene ne labarin girgizar da ta yi kwana tara?

Ranar 16 ga Satumba 2023, na'urori daga Aktik har Antaktika suka fara naɗar wani sauti guda mai maimaita kansa kowace daƙiƙa 92. Bai yi kama da girgizar ƙasa ba, kuma bai lafa ba sai bayan kwana tara. Sai da masana 68 daga ƙasashe 15 suka haɗa hannu, ƙarƙashin jagorancin Kristian Svennevig na hukumar binciken ƙasa ta Denmak da Girinlan, kafin aka warware shi bayan shekara guda.

A mashigin teku na Dickson da ke gabashin Girinlan, wani kogin ƙanƙara da ke tallafe da gindin tsauni ya sirance saboda ɗumi, har ya kasa riƙe shi. Ƙoƙon tsaunin ya rufto, dutse da ƙanƙara kimanin kubik mita miliyan 25 suka afka cikin ruwa, igiyar da ta tashi ta kai mita 200. Mashigin ƙunci gare shi, da lanƙwasa a gaba, don haka ruwan bai samu mafita ba. Ya yi ta kai-komo tsakanin bango da bango, kamar ruwan da ke cikin daro idan aka sauke shi da gaggawa, kuma kowane bugu yana shiga cikin dutse. A tsibirin Ella, mai nisan kilomita 70, igiyar ta lalata wata tashar bincike. Allah Ya kiyaye, ba kowa a wurin a ranar, ba kuma jirgin masu yawon buɗe ido a mashigin, alhali hanyarsu ce.

Shin abin na da haɗari ga mazauna yankin?

Ita girgizar ba ta rusa gidaje. Haɗarin yana cikin ruwan da ke biyo baya. Ranar 17 ga Yunin 2017, gefen wani tsauni ya zame cikin mashigin Karrat a yammacin Girinlan, igiyar ta isa ƙauyen Nuugaatsiaq cikin mintoci. Mutum huɗu suka rasu, gidaje 11 suka tafi cikin teku. An kwashe mutanen ƙauyen da na Illorsuit da ke maƙwabtaka, suka bar gidajen iyaye da kakanni da wuraren farautarsu. Akwai na'urar auna girgiza a cikin ƙauyen, ta kuma naɗi zamewar tsaunin kafin ruwan ya iso, har da ƙananan motsin da suka gabace ta da sa'o'i.

Wannan batu ne da ya kamata ya tsaya wa masu binciken a rai. Girinlan na da mutane kusan 57,000, yawancinsu Inuit, kusan duka a bakin teku. Mafarautansu ne ke tuƙa masana a jiragen ruwa zuwa bakin ƙanƙara, su suka san inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Idan na'ura za ta iya jin tsauni yana shirin zamewa, to haƙƙin waɗannan mutane ne labarin ya isa gare su cikin mintocin da suka rage, kafin ya isa mujallun kimiyya.

Yawan girgizar hujja ce ta ɗumamar yanayi?

Hujja ce idan aka haɗa ta da sauran, amma ba a karanta ta ita kaɗai. Kowane kogin ƙanƙara da halinsa, gwargwadon siffar dutsen da ke ƙarƙashinsa da ruwan tekun da ke gabansa. Jakobshavn kansa ya rage gudu ya ƙara kauri tsakanin 2016 da 2019, lokacin da ruwan mashiginsa ya yi sanyi. Ƙaruwar na'urori ma tana sa a ji ƙananan da a da ke wucewa, don haka masu ƙirga manyan girgizar ke riƙe hanya ɗaya ta tacewa tun daga 1993, domin kwatancen ya yi adalci. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yankin Aktik ya ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya tun 1979, kuma girgizar ta bi kogunan da suka ja baya.

Wace wahala ake sha wajen aikin?

Wuta ce babbar matsala. A Longyearbyen rana ba ta fitowa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, faifan sola ba shi da amfani, batir kuma sanyi na cinye ƙarfinsa. Na'urar da aka kafa a kan ƙanƙara a bazara, narkewa kan karkatar da ita cikin kwanaki, wadda aka kafa a tsakiyar tsibiri kuma dusa ce ke binne ta. Dila na tauna wayoyi, farin beyar na farfasa akwatuna, kuma a Svalbard doka ce a fita bayan gari da abin kare kai daga gare shi. Waɗanda aka dasa a bakin kogi wasu kan tafi teku tare da curin da suke aunawa. Saboda tsadar ne ƙasashe da dama suka haɗu a 2009 suka kafa GLISN, jerin tashoshi kusan 30 a faɗin Girinlan, da sharaɗin bayanan su zama a buɗe ga kowa.

Mu da ke nan, me ya shafe mu da ƙanƙarar Girinlan?

Ta hanya biyu. Kowane tan biliyan 360 na ƙanƙara da ya shiga teku yana ɗaga shi da milimita ɗaya, kuma ruwan ba ya tsayawa inda ya narke. Legas da Kwatano da Lome da Akara duk a bakin teku suke, cike da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da mazauna zango, kuma ta tashoshin jiragensu kayan Kano da Maraɗi ke shigowa.

Ta biyu ta fi kusa da gona. Ruwan daɗi mai yawa daga Girinlan na iya raunana zagayen ruwan tekun Atlantika da ke kai ɗumi arewa, shi kuma wannan zagaye yana da hannu a iyakar inda damina ke kaiwa a Afirka ta Yamma. Wani bincike da Dimitri Defrance da abokan aikinsa a Faransa suka wallafa a 2017 ya nuna, ta hanyar lissafin kwamfuta, cewa narkewa mai sauri na iya rage ruwan sama a Sahel har noman gero da dawa ya ƙuntata. Lissafi ne na abin da ka iya faruwa idan narkewar ta yi tsanani. Ingancinsa kuwa ya rataya ne kan sanin saurin da ƙanƙarar ke zubewa, wato ainihin abin da masu sauraron nan ke aunawa.

Ɗalibi a Kano ko Damagaram zai iya shiga wannan fanni?

Zai iya, ba sai ya taka ƙanƙara ba. Bayanan GLISN da na tashoshin duniya suna nan kyauta a rumbunan EarthScope a Amurka da GEOFON a Potsdam ta Jamus. Manhajar ObsPy, wadda ake aiki da ita a harshen Python, ita ma kyauta ce, kuma kwamfutar hannu ta yau da kullum ta isa a fara. Abin da ake buƙata shi ne tushe mai kyau a fiziks da lissafi, da haƙurin zama da bayanai. Ilimin kuma ba ya tsayawa kan ƙanƙara: da shi ake nazarin motsin ƙasa irin wanda aka ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, kuma cibiyar da ke kula da tashoshin auna girgiza na Nijeriya tana garin Toro ne a jihar Bauchi. Mai son gwadawa ya sauko da bayanan kowace babbar tasha daga 16 zuwa 25 ga Satumba 2023, ya tace su ya bar igiyoyi masu jinkiri kawai, ya nemi bugun da ke dawowa kowace daƙiƙa 92.